Allunan Tunawa a Kufan Majami'un Tsohon Birnin Landan

A cikin ƙwaryar Landan, watau tsohon birnin nan da Ingilishi ke kira City, wanda girmansa duka bai wuce murabba'in mil guda da 'yan kai ba, akwai waɗansu ƙananan alluna da aka manna a jikin bankuna da ofisoshi da kantuna. Yawancinsu na tangaran ne, shuɗɗa, masu kusurwa huɗu, da farin rubutu. Abin da ke rubuce a kansu bai cika wuce layi uku ko huɗu ba: a nan majami'a kaza ta ke a da, ta ƙone a babbar gobara ta 1666, ko kuwa, a nan majami'a kaza ta ke, an rushe ta a shekara kaza. Ba sauran bango, ba sauran ƙofa, sai suna da shekara.

Manufar wannan takarda ita ce a bayyana asalin waɗannan alluna, da yadda ya kamata a karanta su. Allon tunawa shaida ne mai gajeruwar magana. Yakan faɗi wuri, ya faɗi lokaci, amma ba safai ya ke faɗin dalili ba. Wanda ya ɗauki maganarsa kaɗai zai zaci wuta da yaƙi ne suka cinye majami'un Landan. Wanda kuwa ya bi sawun labarin zai tarar mafi yawansu shawarar mutane ce ta kashe su, bisa lissafin kuɗi da na fili da na yawan jama'a.

1. Dalilin yawan majami'u

Wani malami mai suna William FitzStephen, wanda ya rubuta bayanin Landan a shekarun 1170, ya ƙidaya majami'un unguwa 126 a cikin birnin da kewayensa, ban da manyan majami'u 13 na gidajen masu zaman ibada. Har zuwa 1666 waɗanda ke cikin birnin sun haura 100. Wannan yawa a ɗan wuri haka ya samo asali ne daga yadda aka kafa su. Tsakanin ƙarni na 10 da na 12, attajiri ko mai fili yakan gina ɗan ɗakin ibada a gefen gidansa domin iyalinsa da barorinsa, ko kuwa masu sana'a guda su haɗa kai su gina nasu. Da tafiya ta yi tafiya sai maƙwabta su riƙa zuwa, a naɗa limami, a shata wa ɗakin iyakar gidajen da ya ke riƙe da su. Wannan yanki shi a ke kira farish, kuma ya yi kama da unguwa mai masallacinta. Waɗansu farish ɗin ba su wuce eka biyu ko uku ba.

Da ya ke sunayen waliyyan da a ke sa wa majami'u ba su da yawa, sai ya zama akwai St Mary da dama, da St Michael da dama, da All Hallows da dama. Domin a rarrabe su sai aka riƙa liƙa wa kowace laƙabi, kuma a cikin laƙabin nan ne tarihin unguwa ya ɓuya. St Nicholas Shambles ta mahauta ce, gama kalmar ta ƙarshe tana nufin layin fawa. St Mary Woolchurch Haw ta sami sunanta ne daga ma'aunin ulu da aka kafa a harabarta. St Laurence Pountney tana ɗauke da sunan Sir John de Pulteney, attajirin ƙarni na 14 wanda ya riƙe sarautar Magajin Garin Landan har sau huɗu. St John the Baptist upon Walbrook kuwa tana tuna wani rafi, Walbrook, wanda aka rufe shi tun da daɗewa, yana gudana a ƙarƙashin tituna.

Aikin farish bai tsaya ga ibada ba. A nan a ke yi wa jariri baftisma, a ɗaura aure, a binne mamaci. Tun daga 1538, bisa umurnin Thomas Cromwell, wazirin Sarki Henry na 8, aka wajabta wa kowace majami'a ta ajiye littafin da za a rubuta waɗannan abubuwa uku. Daga baya kuma aka ɗora wa farish tara kuɗin taimakon matalauta da kula da marayu. Saboda haka in an ce majami'a ta ɓace, abin da ya ɓace ya haɗa har da cibiyar mulkin wata ƙaramar jama'a.

2. Gobarar 1666 da hukuncin da ya biyo ta

Tun kafin gobara an fara asara. A shekarun 1540, bayan Ingila ta raba gari da Paparoma, aka rufe St Nicholas Shambles da maƙwabciyarta St Audoen, aka haɗa jama'arsu a Christ Church Greyfriars. A shekarun 1560 aka rufe St Mary Axe, aka mayar da mutanenta St Andrew Undershaft. Sunan ya zauna a kan titi har yau, kuma dogon benen gilashin nan mai siffar kokwamba, wanda aka buɗe a 2004, adireshinsa lamba 30, St Mary Axe.

Amma babbar asara ta zo ne ran 2 ga Satumba 1666. Wuta ta tashi da dare a gidan wani mai gasa burodi, Thomas Farriner, a lungun Pudding Lane kusa da gadar Landan. Iska mai ƙarfi na busowa daga gabas, gidaje na katako ne, lunguna kuma matsattsu, sai wuta ta yi kwana huɗu tana ci. Ta cinye gidaje wajen 13,200, da majami'un unguwa 87, da babbar majami'ar St Paul.

To, a nan ne ya kamata mai karatu ya lura da kyau. Wuta ta ƙone majami'u 87, amma ba ita ta zaɓi waɗanda za su tashi da waɗanda za su kwanta ba. Majalisar Dokoki ce ta yi wannan zaɓi, a cikin dokar sake ginin birni ta 1670. Kuɗin aikin daga harajin kwal ya ke fitowa, watau harajin da aka ɗora wa kwal ɗin da jiragen ruwa ke saukewa a Landan, kuma ba zai isa a gina duka ba. Sai aka yanke shawara a gina 51, aka danƙa aikin ga ofishin Christopher Wren, shahararren maginin nan. Sauran, fiye da 30, aka bar su, aka haɗa kowace farish da ta rasa majami'a da wata maƙwabciyarta. St Pancras Soper Lane aka ba St Mary-le-Bow; St Benet Sherehog aka ba St Stephen Walbrook; St Laurence Pountney aka ba St Mary Abchurch. Majami'ar da aka sake ginawa da wadda aka bari duka wuta guda ta ci su. Abin da ya raba su alƙalami ne.

Kufan da aka bari sun sami makoma iri iri. Inda St Margaret ta Fish Street Hill ta ke, nan aka kafa doguwar hasumiyar tunawa da gobarar, wadda a ke kira Monument, tsakanin 1671 da 1677. Tsawonta ƙafa 202, daidai nisan da ke tsakaninta da inda wutar ta tashi. Filin St Mary Woolchurch Haw ya shiga cikin wurin da aka gina Mansion House, gidan sarautar Magajin Gari, wanda aka fara a 1739. Waɗansu kuwa aka ci gaba da binne mutanen unguwa a cikinsu har tsakiyar ƙarni na 19, sa'ad da doka ta hana binne gawa a cikin birni. Irin waɗannan su ne yau suka zama 'yan lambuna, kamar na St Peter Cheap a bakin Wood Street, inda wata tsohuwar itaciya ta ke tsaye, da na St John Zachary a Gresham Street, da na St Mary Staining.

3. Rushewa da gangan

Majami'un da Wren ya gina, ko da ya ke gininsu sabo ne, a kan tsofaffin harsasai suka zauna, da tsohon suna da tsohuwar farish. Saboda haka faɗuwar kowace ɗaya daga cikinsu ƙarshen wata majami'ar zamanin da ce. Ta farko da ta faɗi ita ce St Christopher le Stocks, wadda ke manne da Bankin Ingila. A tarzomar 1780, wadda a ke kira ta Gordon, 'yan tarzoma sun kai wa bankin hari, sai hukuma ta ji tsoron kada wata rana a hau hasumiyar majami'ar a yi harbi cikin banki. Bankin kuwa da ma yana neman fili. Ba a daɗe ba aka rushe ta, maƙabartarta ta zama lambu a tsakar bankin. A 1831 aka kawar da St Michael Crooked Lane domin a fitar da hanya zuwa sabuwar gadar Landan. A shekarun 1840 St Bartholomew by the Exchange da St Benet Fink suka bi baya, sa'ad da a ke sake ginin babbar kasuwar attajirai, Royal Exchange, ana faɗaɗa titunan da ke kewaye da ita.

Waɗannan ɗai ɗai ne. Abin da ya mai da rushewa ta zama tsari shi ne watsewar mazauna birni. Da jirgin ƙasa ya zo, attajirai da akawuna suka koma zama a bayan gari, suna shigowa da safe su fita da yamma, gidajen kwana suka zama ofisoshi da rumbunan kaya. A ƙidayar 1851 mazauna tsohon birnin sun kusa 128,000. A ta 1901 sun ragu zuwa kimanin 27,000. Ran Lahadi limami yakan yi wa'azi gaban kujeru, alhali a sababbin unguwannin bayan gari dubban mutane ba su da majami'a ko guda. Filin cikin birni kuwa tsadarsa sai hauhawa ta ke yi.

Saboda haka a 1860 Majalisa ta yi dokar haɗa farish, wadda ta ba shugabannin Ikklisiyar Ingila iko su rufe majami'a, su sayar da filinta, su gina wata da kuɗin a inda jama'a su ke. Masu wannan ra'ayi suna da hujja: majami'a domin mutane aka yi ta, in mutane sun ƙaura sai ta bi su. Haka aka rushe St Dionis Backchurch a 1878, aka gina wata St Dionis a Parsons Green, can yammacin Landan. Majami'u wajen 20 suka tafi ta wannan hanya kafin yaƙin duniya na biyu. Gawawwakin da ke ƙarƙashinsu aka tono, aka kai yawancinsu babbar maƙabartar birni da ke wajen Ilford, wadda aka buɗe a 1856, aka kafa wa kowace farish dutsenta a can.

Labarin St Mary Colechurch ya isa misali. 'Yar ƙaramar majami'a ce a ƙarshen Cheapside, amma a cikinta aka yi wa Thomas Becket baftisma, babban limamin Canterbury da aka kashe a 1170. Kuma limaminta, Peter na Colechurch, shi ya fara ginin gadar Landan ta dutse a 1176, gadar da ta yi shekara fiye da 600 tana aiki. Majami'ar ta ƙone a 1666, ba a sake ta ba, aka haɗa ta da St Mildred Poultry. A 1872 aka rushe St Mildred, aka haɗa su biyu da St Olave Old Jewry. Kafin shekarun 1880 su ƙare aka rushe St Olave, sai hasumiyarta aka bari, aka kwashe su duka zuwa St Margaret Lothbury. Ita kuwa St Margaret da ma ta riga ta gāji St Christopher da St Bartholomew. Majami'a guda ke nan ta zama magajiyar unguwanni da yawa.

Ba a yi wannan aiki ba tare da gardama ba. William Morris ya kafa ƙungiyar kare tsofaffin gine-gine a 1877, kuma majami'un birni na cikin abubuwan da ta yi magana a kansu. Bayan yaƙin duniya na farko wani kwamiti da Bishop na Landan ya naɗa ya ba da shawara a rushe waɗansu 19, sai jama'a da hukumar birni suka tashi tsaye, har Majalisa ta yi watsi da shirin a 1926. Duk da haka a ƙarshen shekarun 1930 an rushe All Hallows Lombard Street, aka kwashe duwatsun hasumiyarta aka sake ɗora su a Twickenham.

4. Ɓarnar yaƙi

A 1940 da 1941 jiragen saman Jamus suka yi wa Landan ruwan bama-bamai. Daren 29 ga Disamba 1940 shi ya fi muni ga tsohon birnin, har a ke kiransa gobara ta biyu. Bayan yaƙi aka sake fuskantar tambayar 1670: wace za a gina, wace za a bari? Da yawa an gyara su. St Stephen Coleman Street da St Mildred Bread Street ba a mai da su ba. Kangon St Swithin ya tsaya har farkon shekarun 1960, kāna aka share shi. St Alban Wood Street hasumiyarta kaɗai ta rage, tana tsaye a tsakiyar titi. Christ Church Greyfriars da St Dunstan in the East aka bar ragowar bangayensu, aka yi lambu a ciki.

St Mary Aldermanbury ita ce ta yi tafiya mafi nisa. A shekarun 1960 aka sa wa duwatsunta lamba, aka ɗora su a jirgin ruwa zuwa Amurka, aka sake gina ta a garin Fulton na jihar Missouri domin tunawa da Winston Churchill, wanda ya yi shahararren jawabinsa a kwalejin garin a 1946. Abin da ya rage a Landan shi ne harsashinta da gindin ginshiƙanta a cikin lambu, da allo mai bayani.

5. Asalin allunan

Al'adar sa alama a kufan majami'a ta girmi allunan tangaran. Mutanen farish da kansu suka fara ta, gama farish ba ta mutu da mutuwar gininta ba. Tana nan da dattawanta, da dukiyar da mamata suka bar mata, da maƙabartarta, kuma tana bukatar ta nuna iyakar abin da ta mallaka. A lambun St Olave Silver Street akwai tsohon dutse da aka sassaƙa ƙoƙon kan mutum da ƙasusuwa biyu a kansa, yana faɗin cewa nan ce majami'ar unguwar, wadda muguwar wutar 1666 ta hallaka. Titin Silver Street kansa ya ɓace bayan yaƙin duniya na biyu, ko da ya ke a nan Shakespeare ya taɓa zaman haya a gidan wani Bafaranshe mai suna Mountjoy. A Cloak Lane kuma akwai dutsen tunawa na 1884, wanda aka kafa sa'ad da hanyar jirgin ƙarƙashin ƙasa ta ratsa maƙabartar St John the Baptist upon Walbrook, aka tattara ƙasusuwan aka sake binne su a wuri guda.

Akwai kuma alamun iyaka, ƙananan faranta na ƙarfe ko na dalma, da a ke kafawa a bango, ɗauke da haruffan farko na sunan farish da shekara. Amfaninsu shi ne a san gidan da zai biya haraji ga wace farish. A da kowace shekara, a ranar tunawa da hawan Almasihu sama, limami da dattawa da yara sukan zaga iyakar suna bugun alamun da tsumagu, domin yara su riƙe ta a ka. Majami'ar All Hallows by the Tower ba ta bar wannan al'ada ba. Sai a 1907 doka ta haɗa dukan farish ɗin birnin suka zama guda ta fuskar mulki da haraji, alamun suka zama kayan tarihi.

Allunan hukuma kuwa tarihinsu dabam ne. A 1866 wata ƙungiya, Society of Arts, ta soma shirin manna alluna a gidajen da manyan mutane suka zauna, na farko kuwa na mawaƙi Byron ne a 1867. Shirin ya koma hannun majalisar lardin Landan a 1901, ya koma hannun English Heritage a 1986, kuma shi ne mai zagayayyun allunan nan da aka sani. Amma a cikin tsohon birni allo guda kaɗai wannan shiri ya kafa, na Samuel Johnson a Gough Square, a 1876. A 1879 aka daidaita a kan cewa hukumar birnin, wadda ke kishin 'yancinta tun zamanin da, ita za ta kula da nata yanki. Allunanta masu kusurwa huɗu, da tambarin birni a kai, a shekarun 1920 suka fara yawaita, watau daidai lokacin da a ke gardamar majami'u 19.

Bambancin shiri biyun ya wuce na siffa. Zagayayyen allo yakan zauna a kan gidan da ke tsaye, ya ce wane ya kwana a nan. Allon birni kuwa galibi abin da babu shi ya ke nunawa: majami'a, ko zauren 'yan sana'a, ko ƙofar gari, ko masauki. Birnin da ya ƙone sau biyu, kuma kowane zamani ya ke rushe kansa ya sake gini, ba shi da tsofaffin gidaje da yawa da zai nuna, sai wurarensu.

Waɗanda suka sa allunan ba da ka suka yi ba. Suna da littafin John Stow, wani tela mai son tarihi, wanda ya zaga birnin unguwa unguwa ya buga bayaninsa a 1598, shekara 68 kafin gobara. Suna da taswirar Ogilby da Morgan ta 1676, wadda aka zana bisa awon ƙafa 100 a inci guda, ta nuna filayen majami'un da aka bari. Suna kuma da littattafan farish da takardun filaye. A wani wurin haƙa ta gaskata takarda: tsakanin 1994 da 1996, kafin a yi ginin da a ke kira lamba 1 Poultry, masu binciken kayan tarihi sun tono harsashin St Benet Sherehog, suka tarar da ɗan ƙaramin ɗaki na ƙarni na 11, da kaburburan da aka yi a kansa bayan gobara.

6. Yadda ya kamata a karanta allo

Abu na farko shi ne a kula da kalmar da ta nuna wuri. Wani allon yakan ce a nan, wani ya ce kusa da nan, wani ya ce daura da nan. St Gabriel Fenchurch a tsakiyar titi ta ke, saboda haka ba bangon da zai ɗauki allonta sai na gefen hanya. Haka kuma allo bawan bango ne. In an rushe ofishin da ya ke kai, sai a cire shi a ajiye, a mai da shi a kan sabon gini, wani lokaci 'yan taku daga inda ya ke da. Akwai ma wanda ya yi ƙaura ɗungum: dutsen da ke tuna baftismar mawaƙi John Milton a 1608 na All Hallows Bread Street ne, amma da aka rushe ta a shekarun 1870 sai aka mai da shi bangon St Mary-le-Bow.

Na biyu shi ne a kula da kalmar da ta nuna sanadi. Allon da ya ce wuta ta hallaka majami'a a 1666 gaskiya ya faɗa, amma ya tsallake 1670. Wanda ya ce an rushe ta a shekara kaza bai faɗi wanda ya ba da izini ba, ko nawa aka sayar da filin, ko inda aka kai gawawwaki. Ruwa ba ya tsami banza, amma allo ba shi da filin da zai faɗi abin da ya tsamar da shi. Shekara guda kuma ta kan ɓoye rayuwa biyu, gama majami'ar da aka ce an rushe a 1872 ginin Wren ce, alhali sunanta da farish ɗinta sun girmi Wren da ɗaruruwan shekaru.

Na uku shi ne a tuna rubutun dutse ma yana iya ɗaukar son zuciya. A 1681, lokacin da ƙiyayya da 'yan Katolika ta yi zafi a Ingila, aka ƙara wa rubutun Monument waɗansu kalmomi masu ɗora musu laifin gobarar, abin da ba shi da tushe. Sai a 1830 aka kankare su kankarewa ta ƙarshe. Allunan majami'u ba su yi irin wannan ƙazafi ba. Nasu aibin shiru ne. Amma labarin Monument ya nuna cewa abin da aka sassaƙa a bango zaɓin mutanen wani zamani ne, kuma ana iya tuhumarsa kamar kowace shaida.

Akwai masu ganin cewa allon tunawa yana sauƙaƙa rushewa, domin yakan sa mai rushewa ya ji ya biya bashinsa da ɗan tangaran. Wannan magana tana da ƙamshin gaskiya, gama ba wanda zai ce allo ya maye gurbin St Antholin ko St Dionis. Amma in an duba ta ɗaya fuskar, harbi a wutsiya ya fi kuskure. Yau majami'un Ikklisiyar Ingila da ke tsaye a tsohon birnin wajen 40 ne, kuma waɗanda gininsu ya girmi gobara, irin su St Bartholomew the Great da aka kafa a 1123, da St Helen Bishopsgate, da St Olave Hart Street, ba su da yawa. Wanda ya dogara da su kaɗai ba zai taɓa gane yadda majami'u suka yi cunkoso a da ba. Sai ya bi Pancras Lane, ɗan gajeren lungu, ya tarar da kufan St Pancras da na St Benet Sherehog kusa da juna kamar a jefa dutse, sa'an nan zai fahimci ƙanƙantar farish da yawan mutanen da suka rayu a cikinta.

A ƙidayar 2021 mazauna tsohon birnin kimanin 8,600 ne, alhali masu shigowa aiki sun haura rabin miliyan. Kusan ba sauran wanda kakanninsa ke kwance a waɗannan kufai da zai riƙe labarinsu a ka, kamar yadda yaran da ke bugun iyaka suka riƙe a da. Aikin da baki ya ke yi ya koma kan allo da littafi. Littattafan baftisma da aure da jana'iza na yawancin majami'un nan suna nan a ma'ajiyar takardun tarihi ta Landan, kuma sunan da ke kan allo shi ne mabuɗin da mai bincike zai nemo su da shi. Ƙungiyar akawunan farish ta Landan ma har yanzu tana da membobi masu riƙe da sunayen farish ɗin da majami'unsu suka ɓace tun 1666. Mai neman tarihin St Mary Colechurch zai fara daga allonta a bakin Old Jewry, ya wuce St Margaret Lothbury inda gādonta ya ƙare, sa'an nan ya zauna da dokar 1670 da ta 1860, gama a cikinsu ne aka rubuta abin da allon bai faɗa ba.